Dutsen Washi da Kafintocin Japan

Yau za mu leƙa Japan, mu ga yadda washin kurfi, wato cizal ɗin kafinta, ya zama harsashin wata tsohuwar sana'a.

A yankin Nara akwai wurin bauta na mabiya Buddha mai suna Horyu-ji, wanda gine-ginensa na katako ke tsaye tun wajen ƙarshen ƙarni na 7. Sassaƙe ginshiƙansa aka yi, wani ya shige cikin wani. Idan bakin kurfi ya dakushe, yagar katako yake yi maimakon yanka, sai haɗin ya bar kafar da ruwa zai kwanta, ruɓewa ta biyo baya.

Maƙeran ƙasar da ƙarfe biyu suke ƙera kurfi. Sukan haɗa siririn ƙarfe mai tsananin tauri, wanda shi ne kaifin, da wani mai taushi da ke goya masa baya don kada ya karye. Bayan kurfin kuma sukan ɗan rarake tsakiyarsa, gefuna kaɗai ke taɓa dutse, aikin mai washi ya ragu. Duwatsun hawa uku ne: mai kaushi, matsakaici, sai mai laushi na gamawa, duk da ruwa ake aiki da su. Mafi shahara cikin na gamawa daga tsaunukan Kyoto ake haƙo su.

Nishioka Tsunekazu (1908 zuwa 1995) shi ne babban kafintan da ya ja ragamar gyaran Horyu-ji tun daga 1934. Lokacin da ya karɓi almajirinsa Ogawa Mitsuo, bai zaunar da shi ya karanta masa darasi ba. Ya hana shi littafi da jarida, ya ce ya yi ta washi kawai. Sai ya fere katako sau ɗaya, ya miƙa masa abin da ya fito, siriri har haske na ratsa shi, don ya san inda ake so ya kai. A ganinmu hana karatun ya yi tsauri, mu da muka taru nan saboda alƙalami. Amma gaskiya ne, hannun da ke karkacewa a kan dutse babu littafin da zai miƙar da shi.

Sauyi ya taso daga Amurka. A 1891 Edward Acheson ya haɗa wani sinadari mai tauri da ya kira kaborandom, aka shiga yin duwatsun washi a masana'anta, masu araha da saurin cin ƙarfe. Yau yawancin ramukan haƙar Kyoto a rufe suke, ragowar duwatsunsu sun yi tsada. Kafintoci da yawa kan fara washi da dutsen masana'anta, wanda ya gaji na Kyoto kuwa sai ya adana shi don gogawar ƙarshe.