Ƙasar Laka, Duwatsunta da Kufanta

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya nufi kudu, da ya wuce Dutsin Ma sai ya ga ƙasa ta fara sakewa. Rairayin nan na arewa ya ragu, ƙasa ta yi nauyi, wani wuri ja wani wuri baƙa, itatuwa kuma sun ƙara tsawo da duhu. Kafin ya isa Ƙanƙara ya fara hangen duwatsu nan da can, waɗansu a kwance kamar faifai, waɗansu a tsaye an ɗora wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jera su. Haka ƙasar ta ke har Faskari, har Sabuwa inda Katsina ta yi iyaka da Birnin Gwari. Wannan yanki, tare da Maska da Gozaki da abin da ke kewaye da su, shi mutanen dā su ke kira Katsina Laka, saboda irin ƙasarsa. Ruwan sama ya fi yawa nan bisa ga arewa, damina kuma ta fi daɗewa. Gulbin Sakkwato ma, wanda ya ratsa Gusau, daga wajen Funtuwa ya taso.

Lokacin da ƙasar ta fi kyaun gani shi ne da kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba tukuna. In mutum ya hau kan dutse da hantsi, sai ya hangi gonakin dawa da na masara da auduga shimfiɗe, ga kaɗanya da ɗorawa tsakaninsu, can nesa kuma ga bakin daji inda doka da maɗaci suka yi duhu. Da hunturu ya shigo ƙura ta kan rufe wannan duka. Amma da rani, bayan an ƙone ciyawa, wani abu ya kan fito wanda ba a ganinsa da damina, watau kufan garuruwan dā.

Kufai ba shi da wuyar ganewa ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Abu na fari kuka: in ka ga kukoki manya sun taru wuri guda cikin daji, to mutane sun taɓa zama nan, don kuka ba ta cika taruwa haka ba sai inda aka yi gida. Sa'an nan ka duba ƙasa, za ka ga tsingaro, da duwatsun niƙa da suka lotse, wani wuri da ramukan marina a jere, wani wuri da kashin tama inda aka narka ƙarfe. Ganuwa kuwa ta kan zama wani dogon tudu mai lanƙwasa, da kwari a bayansa. Manomi ya kan bi ta kanta da garma shekara da shekaru, bai kula ba.

To, me ya tara mutane nan tun zamanin dā? Ƙasa mai albarka, da ruwa a gindin duwatsu, da mafaka in yaƙi ya taso. Ga kuma hanyar fatake da ta bi ta Birnin Gwari zuwa Nufe. Saboda haka birane suka tashi masu sarakunansu, kamar Maska da Gozaki da Birnin Kogo da Pauwa da Kwatarkwashi da 'Yandoto, suna bin Sarkin Katsina. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a Zariya a 1981, ya nuna ba a iya fahimtar daular Katsina sai an haɗa da waɗannan birane na kudu. Ni a ganina gaskiyarsa. Mun saba ɗaukar tarihi kamar abin da ya faru a fada kaɗai, alhali hatsin da fada ta ci da audugar da ta sa, da yawansu daga Laka suka fito.

A cikin biranen nan babu wanda ya kai 'Yandoto suna. Kufanta na kusa da Tsafe, watau yanzu ta faɗa Jihar Zamfara, amma maƙwabciyar Faskari ce, kuma a dā ƙasar Katsina ce. Labarin da aka gada ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, a ƙarni na goma sha biyar. Ɗan kokawa ne, wai, aka gayyace shi Katsina ya kama da Sarki Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa. Aka ce matar Sarki ce ta tone asirin mijinta, Korau ya kā da shi ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Shi a ke lissafawa Sarkin Katsina na farko Musulmi, shi ya sa kuma a ke yi wa sarakunan Katsina kirari da Magajin Korau. Labari irin wannan ba a rantsuwa a kan kowace kalma tasa. Amma ko mai gardama ya yarda da abu guda, Katsinawa da kansu suka riƙe cewa gidan sarautarsu mafi daɗewa daga kudu ya zo.

Abin da 'Yandoto ta fi shahara da shi kuwa ilmi ne. Gari ne na malamai, almajirai na zuwa daga nesa su yi shekaru suna karatu. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira a 1804 aka ɗaura jihadi, malaman garin suka rabu. Waɗansu suka bi Shehu, masu yawa suka ƙi, suna ganin ba su ga dalilin da Musulmi zai ɗauki makami a kan sarakunan da ke salla ba. Aka kori magoya bayan Shehu daga garin. Wajen shekarar 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka nemi a zauna a yi muƙabala, abin bai yiwu ba, aka ci garin da yaƙi, malamansa suka watse.

Nan ne maganar littattafai ta taso, wadda har yau ba ta mutu ba. Shehu Laminu na Barno, cikin wasiƙunsa, ya zargi mutanen jihadi da wulakanta littattafai. Bello ya ba shi amsa cikin Infaƙul Maisuri, ya ce shi da kansa ya ga takardu iska na kwasa a wani gari da aka ci, ya yi ta tsincewa har ya gaji, ya kuma tsawata wa rundunarsa, ya ce aikin jahilan cikinta ne. Mutane da yawa suna danganta wannan da 'Yandoto. Mai karatu ya lura, ɓangarorin nan biyu duk malamai ne, duk da hujja su ke magana, ba kuwa wanda ya yi musun cewa takardu sun salwanta. Abin da ke cikinsu Allah kaɗai ya sani. Sunan garin dai ya tsira, don Sarkin Tsafe 'Yandoto a ke ce da shi.

Birnin Katsina ya faɗa hannun Ummarun Dallaje a 1807. Zuriyar Korau suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, ba su kuwa haƙura ba. Kusan ƙarnin nan duka suna kawo hari, balle zamanin Ɗan Baskore. Hanyarsu dajin Rugu, wanda ya miƙo ta yammacin Katsina, mahaya su ɓuya ciki su ɓullo inda ba a zata ba, wani lokaci har ƙasar Zazzau. Ƙauyen da ba shi da ganuwa ko dutse a kusa sai ya tashi. Gona ta koma saura, saura ta koma daji, daji kuma ya ƙara ba maharan wurin ɓuya. Da yawa cikin kufan da a ke gani a yammacin ƙasar Katsina na wannan zamani ne.

Sarautun dai ba su ɓace ba, mazauni suka sake. Hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Ƙetare Kanwa, na Faskari Sarkin Yamma, na Sabuwa kuwa Kogo. Duk wanda ya ji Pauwa da Kogo ya san tsofaffin garuruwa a ke tunawa.

Turawa suka shiga Katsina a 1903, hari ya ƙare, mutane suka sauko daga duwatsu suka fita daga ganuwa, kowa ya bi gona. Abin da ya fi sake ƙasar nan shi ne jirgin ƙasa da auduga. Hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Kauran Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka yi gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Funtuwa ta shafe Maska, garuruwan bakin hanya suka cika da baƙi, tsofaffin birane da hanya ta kauce musu suka koma ƙauyuka. A zamanin nan ne kuma aka yanka gandun daji, aka hana sara da noma ciki, En'e na tsaro da ma'aikatanta. Gandun dajin Kogo na cikinsu. Talakawa ba su so dokar ba, gaskiya, don ta hana su itace da sabuwar gona, amma ba domin ita ba da yanzu babu sauran doka ko maɗaci a wurin.

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, inda a ke kiyaye namun daji baƙi su zo kallo, ta sa Kogo cikinsu tare da Falgore ta Kano. Sai dai a daidai wannan lokaci dajin yammacin Katsina ya riga ya koma hannun 'yan bindiga. A watan Yuni na shekarar an kashe mutane masu yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. Daren Jumma'a 11 ga Disamba aka kwashe yara daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su a ƙafa, sai ran 17 ga wata aka sako 344 ta wajen Tsafe. A 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma yanke wayar tarho a yankin na wani lokaci. A 2025 mutanen Faskari da na Sabuwa suka zauna sulhu da mutanen daji.

Hasarar rayuka da dukiya ita ce babba, ba a haɗa ta da kome. Amma akwai wata ƙarama da ba a lissafawa. Ƙauyuka da yawa sun tashi, tsofaffinsu sun koma Funtuwa da Katsina da Zariya suna zaman haya. Su ne suka san sunan kowane dutse, da inda ƙofar gari ta ke a jikin tudun ganuwa, da kabarin da a ke cewa na wane malami ne. Yawancin wannan ba a rubuce ya ke ba. Mai son ya ga Birnin Kogo ko Pauwa, in hanya ta yi kyau, sai ya fara da gaida hakimi, a haɗa shi da dagaci, dagaci ya ba shi jagora. Amma mai son ya ji labarinsu, watakila ba sai ya shiga daji ba. Ya nemi unguwannin da mutanen garuruwan nan suka sauka a Funtuwa, ya tafi da goro da takarda da alƙalami.