KAFIN KA KIRA ƊAN AJINKU "ƊAN BOKO AƘIDA"

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

Duk sanda zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya matso, ko wata muhawara ta yi zafi a guruf ɗinmu na Hausawa masu karatu a nan Kudu, sunaye biyu ne ke yawo. A ce wane libaral ne, ɗan boko aƙida. A ce wane kuma mai ra'ayin riƙau ne, ɗan mazan jiya. Wanda aka liƙa wa na farko, sai a fara ja da baya da shi a masallaci. Wanda aka liƙa wa na biyu, ko ya ɗaga hannu a aji ba a sauraronsa. Ni kuwa da na bi tarihin siyasarmu da na jami'o'inmu, abin da na gani shi ne rigunan nan biyu ba da awon jikinmu aka ɗinka su ba.

Asalin maganar "hagu" da "dama" daga Faransa ta fito. A 1789, lokacin juyin juya halinsu, masu goyon bayan sarki suka riƙa zama a hannun daman shugaban majalisa, masu son sauyi kuma a hagunsa. A Amurka ta yau abin ya zama kamar ƙunshin goro, ba a warewa. In ka san ra'ayin mutum kan mallakar bindiga, kusan ka san ra'ayinsa kan zubar da ciki da haraji, har ka iya cankar jam'iyyar da yake zaɓa. Wannan ƙunshin muke gani a YouTube da X mu ɗauko shi ɗungurungum. To a namu tarihin, layin siyasa daban ya bi, layin addini daban, kuma sau da yawa gilma juna suka yi.

Mu fara da NEPU da NPC, tunda su ne kowa ke kawowa misali.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, har da Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Faɗanta da mulkin En'e ne: haraji, aikin tilas, kotunan da ke ƙarƙashin sarakuna, da yadda aka mayar da talaka ba a bakin komai ba. Ta nemi a bai wa mata damar jefa ƙuri'a, abin da NPC ta ƙi, har matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan gwagwarmaya. In da awon Amurka za a yi, sai a ce ai ga libaral nan, ba ruwansu da addini.

Amma su wa suka ja ragamar tunanin NEPU? Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugabanta a 1953, ɗan gidan malamai ne na Gyanawa, gidan da aka sani da alƙalanci da fiƙihu, kuma shi kansa mai tafsiri ne. Malam Sa'adu Zungur, wanda suka haɗu a Bauchi, ɗan gidan limamai ne, ya yi zurfi a Larabci da fiƙihu, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Legas. Malam Lawan Ɗambazau shi ne mai bai wa jam'iyyar shawara kan shari'ar Musulunci, don a kare 'ya'yanta a gaban alƙalai. Hujjojinsu daga Alƙur'ani da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu suke ɗauko su. Abin da suke cewa shi ne sarakuna sun bar tafarkin jihadin 1804, sun koma zaluncin da Shehu ya yaƙa. Duk da haka abokan hamayyarsu sun jefe su da rashin tarbiyya da raina addini, musamman da suka ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe. Ka ga ke nan jifan mutum da rashin addini saboda saɓanin siyasa ba yau aka fara ba.

Sai mu juya ga NPC, wadda ake ce wa ta 'yan riƙau. Gaskiya ne ta jingina da sarakuna, kuma 'yan NEPU sun sha wuya a hannun 'yan doka da gidajen yarin En'e. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai gwamnatin Sardauna ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Ita ce ta kira kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, wanda aikinsa ya haifar da dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960, ta maye gurbin hukuncin laifuka na fiƙihun Malikiyya a kotunan alƙalai. Kuma a zamaninta ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963 bayan binciken kuɗin En'e. Ɗan riƙau da ya gina jami'a, ya sauya dokar laifuka, ya taɓa babban sarki, a wane ƙunshi za mu sa shi?

A fagen addini abin ya fi rikitarwa. Sheikh Abubakar Gumi na hannun daman Sardauna ne, shi ne Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962, kuma da shi aka kafa Jama'atu Nasril Islam a wannan shekarar. A siyasa yana ɓangaren masu mulki. Amma a addini shi ne ya girgiza abin da aka gada kaka da kakanni, ta tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ke watsawa, da littafinsa na aƙida na 1972. Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta buɗe makarantun Islamiyya na matan aure, ta yaƙi kashe kuɗi a bukukuwa, ta hana durƙusa wa manya. Dattawan lokacin kallon masu kawo sabon abu da raba ɗa da mahaifi suke yi mata. A ɗaya hannun kuma, a lardin Sakkwato cikin shekarun 1950, 'yan Tijjaniyya da yawa sun karkata ga NEPU saboda takurar da suke sha daga hukuma. Ba ina yanke hukunci tsakanin Izala da Ɗariƙa ba ne, wannan aikin malamai ne. Ina nuna mana ne cewa mutum ɗaya zai iya zama mai neman sauyi a masallaci, mai riƙau a rumfar zaɓe, wani kuma akasin haka.

Yanzu mu shigo harabar jami'a.

Da yawanmu muna ɗauka MSS daga Arewa ta taso. A'a, a Legas aka kafa ta a watan Afrilun 1954, kuma ɗaliban sakandare Yarbawa ne suka kafa ta, shugabanta na farko shi ne Abdul-Lateef Adegbite. Damuwarsu a lokacin ita ce yaro Musulmi ya yi boko ba tare da ya bar addininsa ba, a zamanin da mishan ke riƙe da yawancin makarantu. Daga baya ta bazu zuwa Arewa.

Zuwa tsakiyar shekarun 1970, ABU Zariya ta zama matattarar masu ra'ayin gurguzu, kuma babban jigonsu shi ne Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi. Shi wane ne? Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta wajen uba, jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta wajen uwa. Wato ɗan sarauta gaba da baya shi ne ya fi kowa caccakar masu mulki. A 1976 shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a daftarin tsarin mulki, suka rubuta nasu rahoton daban. A 1977 ya gabatar da laccarsa kan yadda masu hannu da shuni ke amfani da addini su raba kan talakawa, wadda daga baya ta fito cikin littafi a 1987.

A daidai wannan lokaci rigimar Shari'a ta kaure a majalisar tsara tsarin mulki, kan batun kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi suka fice a watan Afrilun 1978. Nan aka ga abin mamaki. Malam Aminu Kano, uban 'yan sawaba, yana tare da masu neman kotun, gefe ɗaya da Shehu Shagari, alhali 'yan gurguzun Zariya suna kallon duk rigimar a matsayin wasan manya.

Su kuma 'yan MSS na ABU a ƙarshen shekarun 1970, ba riƙau suke ba ko kaɗan. Wani ɓangarensu ya ɗauki taken Musulunci kaɗai, ya yi watsi da tsarin mulkin ƙasa baki ɗaya, musamman bayan juyin juya halin Iran na 1979. Daga cikinsu Ibrahim Zakzaky ya fito. Da su da 'yan gurguzu ba sa ga maciji, amma dukansu juyin juya hali suke nema, dukansu kuma ba sa raga wa sarakuna da gwamnati. Ko a ɓangaren mata, ƙungiyar WIN ta samo asali ne daga wani taro a ABU a 1982, FOMWAN kuma aka kafa ta a Minna a 1985 da jagorancin Hajiya Aisha Lemu. Sun sha bamban kan madogara, amma dukansu sun yi aiki kan ilimin 'ya mace.

Sannan akwai lokutan da duk waɗannan sunaye ba su yi amfani ba. A Afrilun 1978, da gwamnatin Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ɗalibai daga Legas har Zariya suka fito zanga-zangar neman tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ƙarƙashin shugaban NUNS Segun Okeowo. An kashe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, an kashe wasu a Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sanda suka sake buɗe wuta a ABU, aka rasa rayukan ɗalibai. Harsashi bai tambayi kowa ko yana zuwa ta'alim ko yana karanta Markis ba.

Bayan nan ne layin ya sauya. Maganar shigar Najeriya OIC ta fito a farkon 1986, tsarin SAP ya matse kowa, gwamnatin Babangida ta shiga farautar malaman da ta ce suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, har ta kori Dakta Patrick Wilmot na ABU daga ƙasar a 1988. Da muhawarar aƙidun siyasa ta yi rauni, sai rabuwar addini ta cike gurbin. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. A 1988 zaɓen ƙungiyar ɗaliban ABU ma ya rikiɗe ya zama faɗan addini. Daga gardamar wa ke cin dukiyar ƙasa, aka koma tambayar wane addini ɗan takara yake bi.

To me ya sa na kawo duk wannan? Saboda sunan da muke liƙa wa juna yana da nauyi. A wajenmu, in ka ce wane ɗan boko aƙida ne, mai ji ba ya fahimtar cewa kun saɓa kan tallafin mai ko kuɗin makaranta. Abin da yake ji shi ne imanin mutumin da sauransa. Hoton maganar zai iya isa garinsu kafin shi ya isa hutu, ya taɓa mutuncinsa da neman aurensa, wani lokaci har da lafiyarsa. Haka nan in ka kira mai gemu ko mai dogon hijabi ɗan mazan jiya, ka rufe kunnenka ga mutumin da wataƙila ya fi ka tsayawa kan haƙƙin ɗalibai in hukumar makaranta ta ƙara kuɗi. Mu da muke 'yan tsiraru a makarantun Kudu, da ma ana yi mana kuɗin goro, duk wanda ya sa hula Aboki ne. Bai kamata mu ma mu koma yi wa junanmu irinsa ba.

Shawarata ita ce mu riƙa rarrabe tambayoyin. Me wane ya ce kan ƙarin kuɗin makaranta? Me ya ce kan karatun 'ya mace da almajirci? Me ya ce kan ikon sarakuna da 'yan siyasa? Kowace tambaya a ɗauke ta ita kaɗai, a nemi hujja, a ba da amsa. Za ka tarar wanda kuka yi hannun riga a ta farko kuna sahu ɗaya a ta biyu. In kuwa magana ta taɓa aƙida da gaske, akwai malamai, a kai musu, kada a yanke hukunci a guruf da tsakar dare.

Mafi yawan abin da na faɗa yana nan a laburaren kowace tsohuwar jami'a, a sashen tarihi da kimiyyar siyasa. Wanda ke da ja kan wata shekara ko wani suna, ya duba ya kawo, mu ƙaru da juna.

Allah ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.