Man Usfur: Daga Karofi Zuwa Kantunan Abuja

A manyan kantunan Wuse II da Maitama, da wajen matan da ke haɗa man shafawa, akan ga 'yar kwalbar wani mai garai-garai, ba ƙamshi ba wari, an rubuta mata Safflower, wato usfur. Kirarinsa biyu ne: yana gyara fata, yana kare zuciya. Na farkon yana da tushe, na biyun kuwa an yi masa ƙarin gishiri, kuma tarihin tsiron ne shaida. Usfur, ɗan tsiro mai ƙaya da fure ruwan goro, ya yi shekaru dubbai ana nomansa galibi don rini. An tarar da furensa a kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka buɗe a 1922, ɗaliban hadisi kuma sun san shi, domin Sahihu Muslim ya kawo hanin maza sanya tufar da aka rina da shi. A Masar da Indiya an daɗe ana tatsar man irinsa, amma jan rinin furensa shi ke kawo kuɗi.

A 1856 William Perkin ya haɗa rinin kimiyya a Ingila, kasuwar fure ta fara mutuwa, sai hankali ya koma kan iri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman Amurka, musamman na Kalifoniya, suka rungume shi, masu yin fenti na saye saboda ba ya rawaya in ya bushe. Daga nan sa'a ta faɗo masa. Likitoci suka ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitsen dabba, a 1961 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar komawa man tsirrai, ga shi kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na man usfur sinadarin linoliyik ne, wanda ke rage kolestarol. Man fenti ya wayi gari magani.

Sai dai rage kolestarol daban, hana mutuwa daban. A birnin Sidni na Ostareliya, tsakanin 1966 da 1973, an gwada shi a kan maza 458 masu ciwon zuciya. Da aka sake bin alƙaluman a 2013, sai aka ga waɗanda aka sauya wa kitse da man usfur sun fi mutuwa: kashi 17.6 a kan 11.8. Wani zai ce gwajin ƙarami ne, wataƙila ma majarin da aka ba su yana ɗauke da gurɓataccen kitse, sannan wasu manyan bincike sun goyi bayan man tsirrai. Duk haka ne, shi ya sa ba a ce guba ba ne. Amma hujjar ba ta kai a sayar wa ma'aikacin Garki mai hawan jini shi da sunan magani ba, alhali man gyaɗa da na riɗi suna gabansa.

Batun fata ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Linoliyik na cikin abin da fata ke gina shingenta da shi don riƙe danshi, man kuma bai da nauyi, yana shigewa da wuri. Masu kare man usfur kan ce man kaɗe ya cika kauri da maiƙo ga fuska, kuma mai ƙurajen fuska yana da gaskiyarsa. To amma abin da hunturun Abuja ke kawowa kaushi ne da faso da tsagewar leɓe, kuma a nan kaurin ake nema, wanda curin man kaɗen matan Neja da ake aunawa a kasuwar Wuse ke bayarwa da araha. Usfur daga Kazakistan ko Meziko yake tasowa, a biya da dala. Ita kuwa kaɗanya, Najeriya ce kan gaba wajen samar da ita a duniya, sai dai an saba fitar da ƙwaryarta ɗanya, har a Agustan 2025 gwamnatin Tinubu ta dakatar da hakan na wata shida domin a riƙa tatsar man a gida.