Gida sabo, rijiya a tsohon gida: tarihin DOS da yanayin kariya

'Yan uwa na Sanyinna, Tambuwal da Kebbe, yau tarihin kwamfuta zan taɓo, ku yi haƙuri akwai lambobi.

A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa mai furosesa Intel 8088. Iyakar memorin da take gani megabait 1 ne, manhajojin DOS kuwa kilobait 640 kacal suka samu. In manhaja na son buɗe fayil ko rubutu a allo, sai ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba: INT 21h ta DOS, INT 10h ta allo, INT 13h ta faifai. Wannan shi ne yanayin asali.

Sai 80286 ta zo a 1982 da yanayin kariya, mai ganin megabait 16. 80386 a 1985, gigabait 4. Gida ya yalwata, amma rijiya tana tsohon gida, domin DOS da BIOS ba sa aiki a sabon yanayin. A 286 ma ba a tanadi hanyar komawa ba, sai dai a sa na'urar kibod ta sake tayar da furosesa. Ka ji aiki!

Mafita ta samu da ƙa'idar DPMI, wadda ta fito tare da Windows 3.0 a 1990. Mai rubutu da yaren C zai jera saƙonsa, ya kira INT 31h, aiki mai lamba 0300h. Ɗan aike ya sauka yanayin asali, ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya dawo da amsa. Tarkon shi ne DOS ba ya ganin abin da ke sama da megabait 1, dole ka kwafo bayananka ka ajiye masa a wani ɗan zaure na ƙasa. Ka miƙa masa adireshin sama, ya yi rubutu inda ba ka nufa ba, kwamfuta ta ƙame.

Haka wasan Doom na 1993 ya yi aiki, ta DOS/4GW. Amma ni wanda ya fi burge ni DJ Delorie ne. Tun 1989 ya fara DJGPP, ya sake shi kyauta, ɗalibi marar ko sisi ya samu kayan aikin da aka gina Quake da shi a 1996.

Har gobe, laftof ɗin gwanjo mai Intel da kake cike fom ɗin JAMB da ita, da ka kunna, a yanayin asali take farkawa kafin ta haura.