Muryar ƴan gida daga ƙetare: abin da tarihi ya nuna

Ranar 13 ga watan Maris na 1957 gidan rediyon BBC ya buɗe sashensa na Hausa a birnin Landan. Muryar Jamus ta bi sahu a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007. Tun daga nan aka samu wani rukuni na ƴan jarida, ƴaƴan Nijar da Najeriya da Gana, waɗanda suka bar gida amma zancensu kullum na gida ne.

Me ya ba su daraja a kunnen talaka? Tun daga samun ƴancin kai a 1960 har zuwa 1990, kusan duk abin da ake faɗa a rediyo da jarida a Nijar daga bakin gwamnati yake fitowa, ko a zamanin Diori Hamani ko na Seyni Kountché. Manomin Tasawa da ɗan kasuwar Damagaram sukan kama tashar waje da asuba don jin labarin ƙasarsu. Nisa ya zama garkuwa ga mai magana. Sai bayan da jaridar Haske ta fito a 1990, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, sannan bakin ƴan jaridar cikin gida ya fara buɗewa.

Yunwar 2005 ta nuna ƙarfin wannan murya da iyakarta. Yayin da shugaba Tandja Mamadou yake cewa ƙarancin abinci ne ba yunwa ba, hotunan yaran Maraɗi da kafofin waje suka watsa ne suka zaburar da masu agaji. Amma wanda ke zaune a Bon ko Washinton ba ya ganin rumbun da ya ƙare. Wakilan da ke cikin ƙasa, masu shiga ƙauyuka suna fuskantar fushin hukuma, su ne idanunsa.

Akwai kuma abin da Bahaushe ya faɗa: zanen aro ba ya rufe katara. Waɗannan tashoshi da kuɗin wasu ƙasashe suke aiki, kuma siyasa na iya rufe su daga kowane ɓangare. Hukumomin Yamai sun dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. A Maris na 2025 shawarar gwamnatin Amurka ce ta katse shirye-shiryen Muryar Amurka, har da na Hausa.

Darasi ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu a bayyane yake. Muhawara kan noma, makaranta da lafiya ba ta kamata ta dogara da makirufon baƙo ba. Ƴan jaridarmu na ƙetare sun tabbatar cewa Hausa tana iya ɗaukar zancen kasafin kuɗi da na kimiyya. Saura mu horar da ɗalibai masu rubuta ta, mu tallafa wa gidajen rediyon karkara, domin a tattauna cigaban ƙasa a inda ake noma gero.