Daga Ɗakin Ungozoma zuwa Layin Awo: Haihuwa da Sida a Ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai, wadda Filinge ke tsakiyarta a kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, haihuwa ta daɗe tana hannun mata. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Idan naƙuda ta kama, a durƙushe take haihuwa, kunya kuma ba ta barin a ji muryarta. Ungozoma, galibi tsohuwar da ta daina haihuwa, ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. Na maigida itace ne da ragon suna.

Sau da yawa ma ba ya gari. Tun zamanin Turawan Faransa haraji da aikin tilas suka koya wa samarin yankin tafiya Kurmi, wato Kumasi da Ankara. Hanyar ta kafu sosai, har borin Hauka da ya ɓulla a Cikal a 1925 ta hannun wata mata mai suna Shibo ya bi su Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim. Daga baya Abijan ta shiga sahun garuruwan cin rani, kuma a ƙarshen shekarun 1980 sida ce ta fi kashe maza baligai a wannan birni. A 1987 aka tabbatar da cutar karo na farko a Nijar.

Hukuma kuwa da sannu ta shiga ɗakin haihuwa. A shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomin ƙauye a yankin Maraɗi, ana koya musu tsabtar hannu da ta abin yankan cibi, tsarin ya bazu zuwa sauran yankuna. A 2004 aka fara raba maganin rage kaifin cutar sida a Nijar. A 2005 gwamnatin Tandja Mamadu ta mai da tiyatar fitar da jariri kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da tazarar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mata suka cika likita, gwajin jini kuma ya shiga cikin awo.

Nan wani sabon nauyi ya hau kan mace. Ita ke zuwa awo, saboda haka ita ake fara gwadawa, ita ke fara jin sakamako, ko da mijin ne ya riga ta kamuwa. Binciken ƙasa ya nuna kashi 0.7 cikin ɗari na baligai ke ɗauke da ƙwayar a 2006, kashi 0.4 a 2012. Ƙarancin bai sauƙaƙa mata ba: inda masu cutar ba su da yawa, nuna yatsa ya fi zafi. Tana tsoron saki, tana tsoron bakin kishiya da na uwar miji.

Batun nono ya fi komai wuya. Idan ba a ɗauki mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 na jariran uwaye masu ƙwayar sukan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta shayarwa. Shawarar farko ita ce a koma madarar gwangwani idan da hali. To amma a gidan da mai jego ke kewaye da uwa da gwaggo da 'yan barka, wadda ta hana ɗanta nono ta tona kanta, ga tsadar madara, ga ruwan rijiya mai kawo gudawa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwa ta shayar muddin ana shan magani. Malawi ta ƙara gaba a 2011, ta ɗora kowace mai ciki mai ƙwayar kan magani har iya rayuwarta, hukumar ta amince da wannan tsari a 2013. Da shi haɗarin ke sauka ƙasa da kashi 5, kuma uwa ta yi jegonta kamar kowa.

Doka ma ta biyo. Bayan dokar lafiyar haihuwa ta 2006, Nijar ta yi ta sida a watan Afrilun 2007, ta sabunta ta a 2015. Ta haramta nuna wariya, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirri, ta kuma tanadi hukunci ga mai yaɗa cutar da gangan. Ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, RENIP+, na cikin masu bibiyar aiki da ita.

Abin da ke gaban matan Kurfai yanzu shi ne hanya. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, ciki har da Abala da ke arewacin Filinge, a farkon 2020 kuma aka hana hawan babur a wurare da dama, alhali shi ne motar asibitin talaka. Ga shi kuwa maganin kullum ake shansa, ba fashi. Jariri kuma sai an gwada shi yana da mako shida, a sake bayan yaye, kafin a ce ya tsira.