Amsar Tambayarku: Me Ya Haɗa Manomin Illela da Mai Binciken Teku?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Illela, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya ji a labarai an karrama wani masani saboda binciken yadda ruwa ke gudana a cikin teku. Shi ne yake tambaya, wai da wane mudu ake auna amfanin irin wannan aiki, alhali mu nan ko tekun ba mu taɓa gani ba?

To Malam, tambayarka ta yi ma'ana, amma sai mun ɗan koma baya.

Dattawanmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Da yawa daga cikinku kuma kun ga farin 1973, da na 1984 wanda 'yan uwanmu na Ƙwanni da sauran Nijar ke kira El-Buhari, don ya zo daidai da rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986. Shanu sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane sun watse. Bayan farin farko, masana suka shiga neman dalili. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Jule Charney ya kawo bayanin da ya karɓu ƙwarai. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Ka ga ke nan laifi ya faɗa kan makiyayi da manomi, mu ne muka kori ruwa da hannunmu. Haka aka yi ta faɗa mana shekaru, har a makarantar horon malamai haka muka karanta.

Sai ga wani mutumin Niyu Zilan, Peter Lamb, wanda ya yi karatu a Amurka. Shi ya bar tudu ya koma teku. Ya tattara tsofaffin bayanan da jiragen ruwa suka rubuta game da zafin ruwa da iska a tekun Atlantika, ya gwada su da shekarun fari na yankinmu. A 1978 ya buga abin da ya gano: a shekarun da muka sha fari, ruwan tekun na kudu ya fi ɗumi, na arewa kuma ya fi sanyi fiye da yadda aka saba.

Ga yadda abin yake. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, daga teku, ɗauke da laima. A cikin tekun nan kuwa akwai ruwa mai tafiya kamar koguna, wani mai ɗumi wani mai sanyi, shi ke raba zafi tsakanin kudu da arewa. Hadari yana bin inda ɗumi yake. In ɗumin ya tsaya kudu, sai ruwa ya zube a can wajen Ikko, mu nan a yi ta kallon gabas. A 1986 Folland da Palmer da Parker na hukumar yanayi ta Ingila suka duba bayanan 1901 zuwa 1985 suka ƙarfafa wannan magana. A 2003 wata 'yar Italiya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna da kwamfuta cewa zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin. Ban ce a je a sare itatuwa ba, jama'a, sare su na kashe gona. Amma babban laifin ba namu ba ne.

Yanzu ga mudun da ka tambaya. Su masana ƙidaya suke yi: sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin mutum a rubutunsu. Eugene Garfield ne ya fito da kundin wannan ƙidaya a 1964, sannan a 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro lissafin da ke haɗa yawan rubutun mutum da yawan ambatonsa. Da shi jami'o'i da yawa ke duba wanda za a ƙara wa girma. Sai dai kamar a kasuwa ne, wanda aka fi kiran sunansa ba lalle ne hatsinsa ya fi kyau ba. Shi ma Charney an ambace shi ba adadi.

Ni mudun da na fi yarda da shi, shi ne ko aikin ya iso gona. An kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara kafin damina su fitar da hasashe, kuma zafin ruwan teku na cikin manyan abubuwan da suke dubawa. A Najeriya hukumar NiMet na fitar da nata, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Manomin da ya ji damina za ta yi gajarta zai nemi iri mai saurin nuna, kai kuma mai hatsi ka san ko ka riƙe buhunanka ko ka saki.

Hasashe ne fa, wani lokaci yana kuskure, sani na Allah ne. Lamb ya rasu a 2014. In hasashen bana ya fito za mu karanta muku na Jihar Sakkwato a shirinmu, in Allah Ya yarda.